Daga gindi ruwa ke cin ginin ƙasa

Babban darasin da aikin ginin ƙasa ya koya min shi ne a riƙa duba ƙafar bango kafin a ɗaga kai a dubi samansa. Ruwan sama kan shekara yana dukan bango bai ci komai ba sai yaɓe. Amma ruwan da ya kwanta a gindi, kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi mai da tubali laka. Nauyin rufi da na sauran bangon duk a kan wannan wuri yake, da ya yi laushi sai ginin ya zauna, ya tsage, ya kife. Haka ambaliya ta yi wa gidajen ƙasa a Hadramaut ta Yaman a Oktoban 2008, haka ta yi a Pakistan a 2022.

Saboda haka kada laka ta fara daga ƙasa. A ɗora harsashi da dutse ko jan bulo har ya tashi santimita 45 zuwa 60 sama da daɓen waje, sannan a soma ɗora laka. Inda aka saba ambaliya, ma'aunin shi ne alamar ruwa mafi tsawo da aka taɓa gani a wurin, a ƙara aƙalla santimita 30 a kanta. Tsofaffin bangaye da itatuwa sukan riƙe wannan layi, tsofaffin unguwa kuma ba sa mantawa.

Ko ba ambaliya, bango yana tsotsar danshi daga ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Danshin yana hawowa da gishiri, ya bushe a fuskar bango, ƙasar ta riƙa zuba kamar gari. In ka shafa gindin bango ka ji yana marmashewa a hannunka, ga wani farin busu-busu a kai, to ciwon ya daɗe da kamawa. Maganinsa a janye ruwa daga jikin gini: a gangarar da ƙasar waje, kamar santimita 5 a kowace mita, har nisan mita 2 ko 3, a haƙa magudana a cika ta da tsakuwa nesa da harsashi kaɗan. Bakin rufi ya leƙo santimita 50 zuwa 60, indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa, a sa duwatsu inda yake zuba don kada ya fantsamo.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne filastar siminti, domin da kyakkyawar niyya ake yin ta, a kashe kuɗi, gida ya yi kyau a ido. Siminti ba ya motsi tare da ƙasa, dole ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya zauna yana cin bangon ta ciki, mai gida kuwa bai sani ba. Ƙwanƙwasa simintin da gaɓar yatsa, in ka ji yana amo kamar ganga, ya riga ya rabu da bango. Ginin ƙasa yana son yaɓen da danshi zai iya fita ta cikinsa: laka da yashi da ramno, ko ƙonanniyar farar ƙasa awo ɗaya da yashi awo uku, a shafa bai wuce kaurin santimita ɗaya ba kowane zagaye, a riƙa yayyafa masa ruwa 'yan kwanaki don kada ya bushe da gaggawa. Dakalin laka a jikin gindin bango ma yana da amfani, ruwa ya ci shi maimakon bangon, a sabunta shi da rani.

In ruwa ya riga ya shiga, kada a kwana a ɗakin don an ga bango a tsaye. Jiƙaƙƙen bango yakan faɗi bayan ruwa ya janye. A fara tokare rufi da itace daga ciki, a kwashe taɓon da ya taru a gindi, a cire buhunan yashi da ledar da aka kare gini da su, a ɓamɓare siminti in akwai, a buɗe ƙofofi da tagogi. Kada a hura wuta a jikin bangon, waje zai bushe ya tsattsage, ciki yana jiƙe. Bango mai kauri kan ɗauki watanni kafin ya bushe.

Gyaran kuma ba a cusa ɗanyar laka a babban rami, tana bushewa za ta tsuke ta bar giɓi, nauyi ya rasa mazauni. A sassaƙe ruɓaɓɓen wurin har a kai ƙasa mai ƙarfi, a jera busasshen tubali da laka kaɗan a tsakani, a matse shi har sama. A yi faɗin da bai wuce santimita 60 ba, a tsallake, a yi wani, sai na farko ya kama sannan a dawo kan na tsakiya.