Bashin da Malam ya bari a Sabon Gari

Har yau akwai katan biyu na kalanda a ƙarƙashin gadona. Hoton Malam ne a jiki, da hularsa zanna bukar da kullum take karkace. Matata ta gaji da cewa in fitar da su. Ni kuwa duk sanda na jawo katan ɗin sai kunya ta sake rufe ni kamar ranar farko.

Malam ya koya mana lissafi daga aji huɗu zuwa aji shida a wata sakandaren gwamnati a Kano. Mu ne 'yan 2000, waɗanda NECO ta fara jarrabawarta a kansu, ga WAEC a gefe, kuma babu wanda ya san yadda tambayoyin sabuwar hukumar za su zo. Shi ya riƙe mu da darasin yamma, daga la'asar zuwa gab da magariba, bai taɓa karɓar sisin kowa ba. Ba mutum ne mai fara'a ba, ba zan yi masa ƙarya don ya rasu ba. Idan ka ce "ban iya ba", sai ya miƙa maka alli, ya je kujerarka ya zauna ya harɗe hannu, aji ya yi tsit, daga kai sai allo. Shekara guda cur na yi ina jin haushinsa. Yau da lissafin nake cin abinci.

Da labarin rasuwarsa ya shigo zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, ni na fara cewa ya kamata a yi wani abu. Aka ce to, ka ja gaba. Kuɗi ba su yi wahalar taruwa ba, na Abuja da na Legas duk suka turo. Gardamar da ta ci mana kwana uku ita ce ko taron arba'in bidi'a ne, sai muka kauce mata muka ce namu taron addu'a ne da tunawa, ranar uku ga babbar Sallah tunda kowa yana gida. Na kama rumfa da kujeru, na ba da aikin abinci, na buga kalanda. Na jera masu jawabi: likita, lauya, wani darakta. Duk ta waya na yi, ina zaune a ofis.

Gidan Malam kuwa ban taka ba. Ta waya na yi wa babban ɗansa ta'aziyya, ta waya na faɗa masa rana. Faɗa masa na yi, ban nemi shawararsa ba. Ya ce, "To Yaya, Allah ya kai mu." Na ɗauka ya yarda ne, ashe nauyina yaron ya ji.

Ranar taro, kujerar da na ware a sahun gaba don uwargidan Malam ta zauna wayam. Na tura a tambaya. Sai ƙanin Malam, dattijo ne, ya ja ni gefe ya ce a hankali, "Ɗana, ina ka taɓa ganin mai takaba a rumfa?" Malam ko wata uku bai cika da rasuwa ba. Wata huɗu da kwana goma, abin da ɗan Islamiyya ya haddace a Suratul Baƙara, ni da digirina ban lissafa shi ba, wai kuma ɗalibin malamin lissafi. Aka yi jawabai, aka ci shinkafa, aka watse. Kowa yana cewa taro ya yi kyau, ni ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na ɗauki matata muka je gidan. Ita ta shiga ciki, ni na tsaya a zaure. Hajiya ta aiko da godiya da sa albarka, ba ta ce uffan a kan taron ba. Kalandar ce dai ta dawo da ita. Wai a gaya mini kada in ji komai, Malam bai taɓa yarda a rataye hoto a gidansa ba, ko na fasfo sai an kai ruwa rana.

Sannan ɗan nasa ya fito da wata takarda a ninke. Ba a raba gado ba, domin ba a taɓa gado sai an fitar da bashi, haka ayar Suratun Nisa'i ta ce. Garatutin Malam ba a gama biyansa ba har ya koma ga Allah, fansho kuma da ƙyar yake kai wata. Bashin na wani mai kantin littattafai ne a kasuwar Sabon Gari. Na dubi adadin, na sake duba. Bai kai abin da na kashe a rumfa da abinci da kalanda ba. Da na taka gidan nan sau ɗaya kafin in taɓa kuɗin mutane, da tuni an sauke wa Malam wannan nauyi, har da canji.

Na je kantin da kaina. Mai kantin ya ce shekara da shekaru Malam yana ɗaukar kaya bashi: littafin tambayoyin baya, akwatin kayan lissafi, ɗan littafin jadawalin lissafi da ake kira fo-figa. Ƙarshen wata ya rage, farkon zango ya sake ɗauka, ko da ya yi ritaya bai daina ba. Gobarar da ta cinye kasuwar a watan Maris na 2016 ta haɗa da kantinsa da littafin bashinsa. Ya ce a cikin masu bashinsa ba kowa ne ya dawo ba, amma Malam ya zo da nasa littafin, ya zauna a kan benci ya karanto masa abin da ake binsa, kobo da kobo.

A nan na tuna fo-figar da ya jefo mini kan tebur ina aji biyar, ya ce wani ne ya manta da ita. Sabuwa ce dal, tana ƙanshin takarda. Sama da shekara ashirin ban taɓa tambayar kaina wane ne wannan mai mantuwar ba.

Na ɗauki hoton takardar na saka a zaure. Sai ga "ni ma", "ni ma" suna ta shigowa. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani tela ne ɗan ajinmu, wanda ranar taro na bari a kujerun baya. Malam ne ya biya masa kuɗin NECO, shi kuma telan ya faɗi jarrabawar lissafin duk da haka, sai Malam ya kama hannunsa ya kai shi koyon ɗinki. Ashe duk Juma'a yana kai cefane gidan, kuma ya san da bashin tun Malam yana da rai. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tambaya? Ku a zauren nan Turanci kuke yi."

Karo na biyu tara kuɗi ya yi wuya. Mutane sun riga sun bayar, wasu suka ce ina na farko, kuma suna da gaskiya. Sai da na fitar da lissafin kalanda a gaban kowa. Ya ɗauke mu makonni, telan ma ya sa nasa.

Yanzu duk wanda ya ce mini malaminsu ya rasu za su shirya taro, ba na barinsa ya ƙarasa. Ka je gidan da ƙafarka, ka tafi da mace da za ta shiga wajen mai takaba. Ka tambayi bashi tun kafin ka tambayi farashin rumfa, ka ji inda takardun garatuti suka maƙale, da ajin da 'yan ƙananan yaransa suke. Kuma ka nemi ɗan ajinku da bai zama kowa ba a idonku, shi ya san hanyar gidan.

Ranar da na kai cikon kuɗin, mai kantin ya ja layi a shafin Malam, ya yi masa addu'a. Har na juya sai ya kira ni. Ya ce an kusa komawa makaranta, yaran bana fa, wa zai zo ya ɗaukar musu? Na ce masa zan dawo. Sati biyu ke nan.