Daga ina ake fara ƙirga a tulin kira?

Cikin matasan Zangon Kumasi masu koyon rubuta manhaja, ko ɗaliban jami'ar KNUST ne ko masu koyo da kansu a shagunan waya na Aboabo, akwai tambayar da ba ta ƙarewa: "Yaya, me ya sa log ɗina yake nuna layin da ba shi ya yi kiran ba?" Log shi ne inda manhaja ke rubuta abin da ya faru yayin da take aiki. Galibi yaron bai yi laifin komai ba. Takardar bayanin da ya bi ce ta ce masa ya saka 1 ya samu mai kira, ba ta gaya masa inda ƙirgan yake farawa ba. Babban darasin da aikin rubuta irin wannan bayani ya koya mana ke nan.

Tulin kira kamar kwanukan da aka ɗora kan juna ne. Duk fankshin (guntun manhaja mai yin aiki guda) da aka kira, sai a ɗora sabon firam, wato kwano guda, a sama, ɗauke da sunan fayil, lambar layi da bayanan da fankshin ɗin yake riƙe da su. In ya gama a sauke. Yaren rubuta manhaja da ke iya leƙa tulinsa yana karɓar lambar da ke nuna firam ɗin da ake so, lambar kuma ma'anarta ta bambanta daga yare zuwa yare.

A Python, sys._getframe(0) shi ne fankshin da kake ciki, 1 kuma wanda ya kira ka. A Lua, debug.getinfo(0) ita kanta getinfo ce, 1 kai ne, sai ka kai 2 kafin ka ga mai kiranka. Perl ta fi rikitarwa: caller(0) tana haɗa sunan fankshin ɗinka da layin da aka kira ka daga shi, don haka mai neman sunan fankshin da ya yi kiran sai ya koma caller(1). Ko a cikin Python ɗin ma ba a yi baki ɗaya ba. A warnings.warn, da kuma logging tun daga 3.8, mai kiranka yana stacklevel=2, wato daidai da _getframe(1). Ya kamata mai rubuta bayani ya ajiye fankshin uku, ɗaya na kiran ɗaya, ya gudanar da su, ya manna ainihin abin da ya fito a kowace lamba. Kwatance da baki ba ya isa a nan, domin kuskuren taki ɗaya ne, kuma ido ba ya kama shi.

Abin da ya fi cin mutane shi ne firam da ke shigowa ko ɓacewa ba tare da an taɓa lambar ba. A ce akwai manhajar karɓar kuɗin MoMo (kuɗin waya) ta wani shago a kasuwar Kejetia: biya() tana kiran rubuta_log(), log yana nuna layi daidai. Gobe wani ya lulluɓe rubuta_log() da dekoreta, wato ya naɗe ta cikin wani fankshin mai suna wrapper, don auna lokaci. Daga nan kowane saƙo sai ya riƙa nuna wrapper a matsayin mai kira. Mutane da yawa suna zaton functools.wraps za ta gyara wannan. Suna da bayani kawai take kwafewa, firam ɗin yana nan daram. A Lua akasin haka ke faruwa: in ka rubuta return f(x), sabon kira yana maye gurbin firam ɗinka, jerin kurakurai ya nuna "(...tail calls...)" kawai. Python 3.12 ma ta daina ba [x for x in jeri] firam na kansa, don haka bayanin da aka rubuta a kan 3.11 yana iya kuskurewa da ɗaya. Shi ya sa lambar sigar yaren ta zama wajibi a saman kowane misali.

Sai abin da ke faruwa in ka nemi lambar da ta wuce tsayin tulin. Python tana jefa ValueError, Lua ta dawo da nil, Perl ta ba da jeri babu komai. Layi ɗaya ya isa a rubuta wannan, amma sau da yawa shi ake mantawa.

Akwai kuma tsada. inspect.stack() tana bin tulin gaba ɗaya, tana buɗe fayiloli don ɗauko layin kowane firam. A cikin madauki mai zagaye dubbai, a kan tsohuwar kwamfuta irin wadda yawancin yaranmu suke aiki da ita, za ka ji nauyin nan take. inspect.stack(0) tana barin ɗauko layukan, in kuwa mai kira kaɗai ake nema, inspect.currentframe().f_back ta wadatar. Sai dai in ka ajiye firam a cikin fankshin ɗin da ya mallake shi, sun riƙe juna ke nan, ƙwaƙwalwa ba za ta saku da wuri ba. Takardun Python da kansu sun ba da shawarar a yi del a cikin finally, ya kamata misalin mai rubuta bayani ya nuna hakan.

Ina ganin gargaɗi a kan f_locals, wato ma'ajin bayanan da ke cikin firam, ya cancanci akwati mai kauri a takardar bayani. Duk abin da fankshin yake riƙe da shi yana ciki: lambar wayar mai biya, sunansa, mabuɗin sirri na sabar. Wanda ya zuba f_locals cikin log don neman kuskure ya ajiye amanar mutane a fayil ɗin da kowa a shagon zai iya buɗewa, kuma Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012. A misalin da za a ba mai koyo, a ɗauki co_filename, f_lineno da co_name kawai, wato sunan fayil, lambar layi da sunan fankshin, in ana son wani abu daga f_locals a ambace shi da sunansa.