TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Bindigar harbin agwagwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haduwa. Satin da ya wuce na tsaya ne a inda Baba ya kama hannuna ya kaini shagon Kawu na gyaran rediyo da tibi a Fagge, yace tunda an gama sakandare kuma ba halin wucewa gaba yanzu toh a koyi sana'a. Nasan wasunku na jiran labarin yadda na fara rike dalma, zai zo insha Allah, amma yau bari in baku labarin wata bindigar roba, don ita ce ta fara sa min son aikin nan har cikin raina.

Duk wanda ya taso a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 yasan gem din nan mai kaset ruwan dorawa, wanda zakaga an jera lamba tara tara a jiki wai wasanni miliyoyi ne a ciki amma in ka kunna basu taka kara sun karya ba sai maimaici. A kwalin akwai fad guda biyu sai bindiga daya. Wasan da ake yi da bindigar kuwa ba wanda bai sanshi ba, kare ya shinshina kasa ya fada cikin ciyawa, agwagwa ta tashi tana yawo a sama, harsashi uku gareka, in ka sameta ta fado karen ya dagota, in ka barar da ukun ta gudu shi kuma ya leko yana maka dariya. Sunansa Duck Hunt, kamfanin Nintendo na Japan ne suka fito dashi a 1984, ya shiga Amurka a 1985 tare da na'urarsu NES, can suna kiran bindigar Zapper. Namu da ake sayowa a Sabon Gari kwaikwayo ne amma aikin iri daya ne. A unguwarmu kowa ya tafi akan wani haske ne bindigar ke harbawa cikin tibi, har akwai gidajen da ake hana yara wasan wai zai kona gilashi.

Wata rana da hantsi ina goge kura a bayan wata rediyo sai ga wani Alhaji ya shigo da yaronsa rike da leda, ya zazzage akan tebur, gem ne da bindigogi har biyu. Yace malam duba min abun nan, yaro ya hanani sakat, ta farko ta daina aiki na sayo wata ita ma haka, duk sauran wasannin suna yi amma agwagwa ko ka manna bakin bindigar a gilashi bata faduwa. Kawu bai ko taba bindigar ba, yace Alhaji ranka ya dade ka canza tibi ne kwanan nan? Alhaji yace eh na sayi filasma, tsohuwar na bayar kauye. Kawu yayi murmushi yace kai dan nan jona min gem din a waccan, ya nuna wata karamar tibi mai doro inci 14 da muke gwaji da ita. Na jona, yaron ya karbi bindiga, harbin farko agwagwa ta fado. Aka gwada ta biyun ita ma lafiyarta kalau.

Bayan sun fita cin abinci zasu dawo, nace Kawu wai ya akayi ka gane baka ko bude ba? Sai ya miko min sukundireba yace bude ka gani da idonka. Na kwance kusoshin na raba robar biyu, wallahi kusan fanko ce. A bakinta akwai dan gilashi mai kumburi, can ciki karshen bututun wani dan abu kamar kwayar gero mai kafa biyu a jikin karamin fanel, sai makunni a bayan kunama da sifirin, sai wayar da ta fita. Ba kwan fitila ba komai da zai iya fitar da haske. Kawu ya dora bakin sukundireba akan dan abun nan yace wannan ido ne, haske yake gani, bindigar nan bata harba komai, tibi ce ke aiko mata da haske ita kuma ta gaya wa gem na gani ko ban gani ba, iyakar abunda ta iya fada kenan.

Nace toh ai duk gilashin haske ne, sama shudiya ciyawa koriya, ya zata bambance agwagwa? Yace ja kunamar ka kalli tibi kar ka kalli agwagwa. Na ja, sai naga gilashin ya kifta. Na sake ja ina zuba ido, sai na hango wani farin akwati ya bayyana ya bace daidai inda agwagwar take. Shekara da shekaru muna wasan nan muna ganin kiftawar muna dauka kwalliya ce ta karar harbi, ashe nan aikin yake gaba daya.

Ga yadda abun yake. Da ka ja kunama sai gem ya bakanta gilashin gaba daya na tsawon hoto guda, ya tambayi idon, kana ganin haske? Dole amsa ta zama a'a. A hoto na gaba gilashin na nan baki amma sai ya zana farin akwati a gurbin agwagwa, ya sake tambaya. In bakin bindigar na kallon wajen, dan gilashin nan mai kumburi na bakinta zai tattara hasken ya kai wa idon, ido yace na gani, shikenan agwagwa ta fado. In kana kallon wani waje duhu zai gani, ka kuskure. In agwagwa biyu ce sai ya haska akwatin kowacce a nata lokacin daya bayan daya, lokacin da ido ya amsa shi zai nuna wacce ka samu. Hoto guda kuma a irin tibin kasarmu kashi daya ne cikin 50 na sakan, a Amurka da Japan daya cikin 60, shi yasa idon mutum kiftawa kawai yake kamawa. Bakin hoton farko kuma maganin masu wayo ne, don da babu shi sai kawai ka saita kwan lantarki kayi ta ja kana cinyewa, amma kwan lantarki baya mutuwa a lokacin da aka bakanta gilashi, gem sai ya gane wannan hasken ba nashi bane. Ni abun da ya burgeni kenan har yau, mutanen nan basu da kyamara basu da kwamfuta mai karfi, da ido daya mai cewa eh ko a'a suka warware matsalar.

Sai na koma kan tambayata ta farko, me ya hana filasmar Alhaji? Anan Kawu ya ja kujera ya zauna, don in aka zo maganar tub, wato katon kwalbar gilashin da ke cikin tibi mai doro, baya gajiya. Yace tibi mai doro bata nuna hoto gaba daya lokaci guda, a can wuyan tub din ake harbo wani siririn zare na lantarki ya bugi bayan gilashi, inda ya buga ya haska, yana tafiya daga hagu zuwa dama ya sauko ya kama layi na gaba, kamar mai huda a gona kunya bayan kunya har ya kai karshe ya dawo farko. A tsarin tibin da muke amfani dashi a Najeriya a lokacin, mai suna PAL, layi 625 ne ake zanawa a zagaye biyu, kowane zagaye kashi daya cikin 50 na sakan, wato layi 15,625 duk sakan daya. Wannan siririn karan da nake ji yana min tsiii a kunne duk sanda aka kunna tibi a shagon, wanda Kawu yace shi ya dade da daina ji, karan wannan gudun ne. Ita tub abunda gem ya aiko a take take zanashi, ba ajiya ba jira. Kuma bindigar Nintendo ta asali an yi mata da'irar da ke sauraren haske mai bugawa da irin wannan saurin, ba kowane haske ba.

Su kuma masu fadin nan, ko filasma ko LCD, sai sun karbi hoton sun ajiye sun gyarashi sun fadadashi ya cika gilashi sannan su nuna. Jinkirin kadan ne kai bazaka lura ba, amma kafin farin akwatin ya fito gem ya riga ya tambaya an ce masa duhu ya rufe maganar. Ga shi babu zaren nan mai gudu layi layi. Don haka ko bindiga goma Alhaji zai saya haka zasu yi.

Daga baya da na dade a sana'ar na hadu da wata irin bindigar da ta fi wannan dabara, GunCon ta kamfanin Namco da ta fito wa PlayStation a 1997 da wasan Time Crisis. Wayarta tana da reshe da ake jonawa a jikin wayar hoto, ruwan dorawar nan, don ta san daidai lokacin da zaren ya fara daga saman gilashi. Daga nan lissafi take, tana jira har zaren ya gifta ta gaban idonta, layi nawa aka sauko shi ne sama da kasa, nisan da aka yi cikin layin shi ne hagu da dama, kuma layi daya kashi 64 ne kacal cikin miliyan na sakan. Wannan ba eh ko a'a take fada ba, ainihin inda ka saita take fada. Super Scope ta Nintendo da Menacer ta Sega, duk na 1992, suma lokacin zaren suke bi. Irin wadannan kam in ba tub ba zance, tunda abunda suke kirgawa ma babu shi a sabuwar tibi. Da Nintendo suka fito da na'urar gem dinsu Wii a 2006 kuwa basu dogara da gilashi ba, suka sa wani dan sanda a saman tibi mai fitilun da ido baya gani, kyamara kuma tana bakin rimot din.

Da Alhaji ya dawo Kawu ya mayar masa da bindigoginsa yace ba abunda ya samesu kuma ba ko sisi, tsohuwar tibi kawai zaka nemo wa yaro. Alhaji yace toh ka sayar min da wannan karamar mana. Kawu yace wannan ta aiki ce, amma ya dauko wata a kasan kanta da ya saya a hannun 'yan gwangwan ya gyara, suka daidaita, ni na daukar masa ita har but din mota yaron na biye dani rungume da ledarsa. Har yau in naga an fasa tub a bola don a cire jan karfen wuyanta raina baya min dadi, don nasan na'urori nawa ne suka mutu tare da ita alhali lafiyarsu kalau, kuma ba a kera sabbi.

Tun daga ranar Kawu ya lura tambaya ta fara yi min yawa, sai ya daina bani goge kura kadai. Washegari da safe ya kwance bayan wata Sharp inci 21, ya nuna min jar wayar nan mai kauri da ta manne a jikin tub da faifan roba, yace wannan ko an zare tibi daga soket tana iya rike wuta, yau zan koya maka yadda ake sauke ta kafin hannunka ya shiga ciki. Anan zamu dora sati mai zuwa in Allah ya kaimu.