Laraba: bugu na biyu

Tun bayan asuba nake gaban kwamfuta, har shayina ya huce ban taɓa shi ba. Kwana huɗu ke nan ina lissafin iskar hiliyam da aka saka wa lantarki a cikin bututun gilashi, kuma kullum amsa ɗaya: wai wutar ta mutu. Alhali da idona na ga bututun yana ci a ɗakin gwaji.

Wutar ba ta ci sai ana fizge ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, daga zarra. Kafin ilektiron ya fizge ɗan'uwansa daga zarrar hiliyam da ke zaune a matakin ƙasa, wato mafi ƙarancin ƙarfinta, sai ya zo da ƙarfin 24.6 eV (eV shi ne ma'aunin ƙarfin ilektiron). Nawa kuwa yawancinsu ba su wuce 3 zuwa 4 ba. To ina za su?

Bayan azahar na ɗauki takarduna na tafi wajen Malam. Ya duba shafi biyu kawai, ya ɗago kai.

"Ina zarrar da aka riga aka buga sau ɗaya?"

"Ranka ya daɗe, ai ta saki haske ta koma ƙasa."

"Duka?"

A nan na gane ɓarakar. Akwai mataki a 19.8 eV wanda in zarra ta hau shi, ba ta da sauƙin sauka. Juyin ilektiron ɗinta biyu ya fuskanci waje guda, matakin ƙasa kuwa ba ya karɓarsu sai sun saɓa wa juna. Sai ta maƙale a sama. A 2009 an auna zamanta a Canberra ta Ostireliya, aka samu kusan daƙiƙa 7870, wato sama da awa biyu in babu abin da ya taɓa ta. Yawancin sauran matakai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba sa kai wa. Na daɗe ina kallon wannan adadi, wallahi har tsigar jikina ta tashi.

A cikin bututu dai ba ta samun wannan hutu, bango ko wani karo zai sauke ta nan da nan. Amma ɗan jinkirin ya isa su taru. Kuma daga can 4.8 eV kawai ya rage a fizge ilektiron, ga zarrar ta kumbura, damar a same ta ta ninka fiye da sau goma. Raunanan ilektiron da na raina su ne ke ƙarasa aikin. Wani lokaci ma abin kan juye: ilektiron ya shigo a hankali, ya kwashe 19.8 ɗin duka, ya fita a guje. Masana kimiyya Klein da Rosseland sun faɗi haka tun 1921.

Samun alƙaluman wannan bugu na biyu ya ci mini yamma, don irin wannan awo wahala gare shi: masu jinkirin 'yan ƙalilan ne a cikin tarin waɗanda ke ƙasa. Aikin ƙungiyar Chun Lin a Jami'ar Wisconsin ya taimake ni sosai. Wajen ƙarfe biyar na saka su, na danna. Wutar ta tsaya. Alhamdulillahi.

Da isha'i na zauna ƙarƙashin dogon ƙwan nan na masallacinmu. Tururin zaiba ne a ciki, zaibar da masana Franck da Hertz suka gano matakinta na 4.9 eV a 1914, kuma ita ma tana da matakan jinkiri biyu, ɗaya ƙasa da shi, ɗaya sama. Shekara nawa ina karatu a haskensa.

Gobe in Allah ya kai mu zan gwada iskar agon. Malam ya ce in zo da zanen kafin ƙarfe goma.