Sautin da ya ƙi zama a kan layi

Aikin farko da aka ba mu a darasin "kiɗan duniya" shi ne mu saurari faifan gamelan, wato kiɗan taron ƙarafa na tsibirin Jawa a Indonesiya, mu rubuta shi a kan layuka biyar ɗin nan na rubutun kiɗan Turawa. Kwana uku ina fama. In kunna, in tsayar, in taɓa fiyano, amma sautin ba ya kan farin maɓalli, ba ya kan baƙi, yana can tsakani. Da na gaji sai na rubuta a gefen takarda cewa ba a saita ƙarafan daidai ba. Malam ya ja jan biro a ƙarƙashi, ya rubuta: "Daidai da na wa?"

Ashe tun 1885 wani masani Bature, Alexander Ellis, ya warware wannan. Ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa kashi 1200, ya auna kiɗan al'ummomi da dama, ya ga kowa da tsaninsa, wato yadda yake jera sautukansa daga ƙasa zuwa sama. Fiyano ya raba tazarar gida 12, silendiro kuwa, ɗaya daga tsanin gamelan na Jawa, gida 5. Kunnena ne bai waye ba, ƙarafa lafiyarsu ƙalau.

Daga nan na fara zargin sunan darasin kansa. Ana danganta shi da Robert Brown na Jami'ar Wesleyan a Amurka, a shekarun 1960, kuma nufinsa dukkan kiɗan 'yan Adam. Amma abin da ya yayata shi kasuwa ce. A 1987 wasu masu kamfanonin faifai suka zauna a wata mashaya a Landan, suka tsayar da sunan, don masu kantuna su san inda za su jera faifan Mali da na Bulgeriya. Wato duk abin da ba na Yamma ba, a zuba a buhu ɗaya, sai ka ce kiɗan Jamus a duniyar wata aka yi shi. Masu kyautar kiɗa ta Grammy a Amurka ma sai a 2020 suka sauya wa rukuninsu na "kiɗan duniya" suna.

Wani masanin kiɗa, Mantle Hood, a 1960, ya ce mai nazarin kiɗan wata al'umma ya koyi kaɗa shi da hannunsa tukuna. Da aka zaunar da ni gaban saron, ɗaya daga kayan kiɗan gamelan mai jerin ƙarafa, na gane dalili: dama na buga ƙarfe, hagu na kama wanda aka buga kafinsa don ya yi shiru. Wannan kamun, ko alamarsa babu a takardar da na ɓata kwana uku a kanta.