Bayan Duwatsun Cascade

A taswira jihar Oregon ta Amurka guda ɗaya ce, amma duk wanda ya ratsa ta da mota zai rantse biyu ce. Akwai ta yamma mai yawan ruwan sama da manyan birane, akwai kuma ta gabas wadda duwatsun Cascade suka tare wa hadari, ta zama ƙasar makiyaya da mafarauta. Abokina da ke aiki a Portland shi ya dage sai na ga ta biyun. A watan Oktoba muka kama babbar hanya mai lamba 84, yana tuƙi, ni kuwa aikina kallo da tambaya.

Da farko hanyar tana bin gefen kogin Columbia ne, ta cikin kwazazzabon da ruwa ya fafe a tsakiyar duwatsu. Ko ina kore shar, ga ruwan Multnomah yana zubowa daga tsayin mita 189, mutane sun yi cincirindo suna ɗaukar hoto. Ba mu tsaya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ƙasar ta rikiɗe cikin ɗan lokaci: muna wuce garin The Dalles itatuwa suka ƙare, tuddai suka koma ruwan ƙasa, sai busasshiyar ciyawa da manyan fankokin samar da lantarki jere a kan tudu. Gidajen rediyon birni ma suka dusashe, masu wa'azin coci da masu zagin gwamnati suka maye gurbinsu. Bayan Pendleton hanya ta fara murɗewa tana hawan Blue Mountains, manyan motoci na nishi a gefe. Daga La Grande muka bar babbar hanya muka shiga lamba 82 wadda ta kai mu kwarin Wallowa.

Ban san yadda zan kwatanta wannan kwari ba tare da a ce na yi ƙari ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe na ciyawa, baƙaƙen shanu sun bazu a cikinsa, ga jajayen rumbunan katako nan da can, sai kawai duwatsu su miƙe daga ƙarshen gonaki ba tare da wani share fage ba, mafi tsayinsu ya kai kusan mita 3,000, kawunansu fari fat da sabuwar dusar ƙanƙara. A jikin duwatsun akwai wata bishiya da ake kira tamarack, wadda ganyenta ke komawa ruwan zinariya a wannan wata, sai ka ga ɗigo-ɗigon rawaya a cikin duhun daji. A gindinsu tafkin Wallowa yake, wanda ƙanƙarar zamanin da ta haƙa, ta tara masa ganuwar tsakuwa dama da hagu. Sanyin safiya kuwa sai da ya sa alwala ta zama jarrabawa.

Mutanen gundumar Wallowa duka ba su kai 8,000 ba, kuma suna alfahari cewa babu fitilar ba da hannu ko ɗaya a titunansu. Lokacin farauta muka tarar. Kowace a-kori-kura ka leƙa, ko dai doguwar bindiga ce a bayan kujera, ko ƙahonnin barewa sun leƙo daga baya. A shagon sayar da kayan gini, kwalayen harsashi na jere kusa da ƙusoshi da abincin kare. A ƙofar wani shagon na ga sanarwar tara kuɗi ta wata ƙungiyar garin: ka sayi tikiti, in sa'arka ta fito ka tafi da bindiga. Da safe a gidan shan shayi wani ya shigo da ƙaramar bindiga a ƙugu, ya yi odar ƙwai, ba wanda ya ɗaga kai sai ni. Dokar jihar ta yarda a rataya bindiga a fili ba tare da lasisi ba, sai dai birane irin su Portland sun hana yawo da mai harsashi a ciki.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Mu biyu ne kaɗai baƙaƙen fata a wurin, kuma abokina ya riga ya ba ni labarin cewa tsarin mulkin da Oregon ta rubuta a 1857 ya hana baƙar fata zama a jihar, ba a soke wannan sashe ba sai 1926. Amma wanda ya fara yi mana magana shi ne mai bindigar. Dattijo ne, makiyayi, hannayensa duk kanta. Ya tambayi daga ina muke, ya ja kujera, hira ta ɓarke.

"Samari, kun san nisan gidana da ofishin 'yan sanda?" in ji shi. "In wani abu ya faru da dare, kafin su iso an gama komai. Kuma galibi abin da ke zuwa mai ƙafa huɗu ne."

Kerkeci yake nufi. An sake sakin kerketai a jihar Idaho mai maƙwabtaka a 1995 da 1996 bayan an daɗe da ƙarar da su, suka hayayyafa, suka haye kogin Snake, kuma wannan gunduma na cikin wuraren da suka fara kafa garke a Oregon. Mutanen birni na murna, suna bin labarinsu a jarida, har wani da aka laƙaba wa lamba OR-7 ya yi suna saboda tafiyar da ya yi daga nan zuwa California a 2011. Makiyayi kuwa ɗan maraƙinsa yake tsinta da safe an farke masa ciki, sannan ya jira jami'i ya zo ya tabbatar kerkeci ne kafin a yi maganar diyya. Dattijon ya ƙara da zakin dutse: a 1994 aka yi ƙuri'ar raba gardama a jihar, aka hana farautarsa da karnuka. "Waɗanda suka jefa ƙuri'ar nan," in ji shi, "yawancinsu ba su taɓa ganin sawunsa a bayan gidansu ba."

A nan bindiga kamar adda take a hannun manomi. Babbar barewar da suke kira elk, guda ɗaya tana cika firiza, iyali su ci nama har bazara. Yaro tun yana ƙarami ake kai shi ajin koyon ƙa'idar farauta, kuma na lura mutanen nan sun fi kowa tsanani a kan inda bakin bindiga ya dosa. Sai dai akwai wata bindigar da ba ta da alaƙa da elk. Ita ce ta jikin tutoci da takardun da ake mannawa a bayan mota, wadda ake rubuta a ƙarƙashinta cewa mai so ya zo ya ƙwata. Wannan da Salem take magana, babban birnin jihar.

A Nuwamban 2022 aka yi ƙuri'a kan dokar da ake kira Measure 114, wadda ta ce sai mutum ya sami takardar izini kafin ya sayi bindiga, ta kuma hana gidan harsashi mai ɗaukar fiye da goma. Da ƙyar ta tsallake, kashi 50 da ɗan ɗoriya, kuma mafi yawan gundumomi 36 na jihar sun ƙi ta. Yawan jama'ar Portland da kewaye ne ya rinjaya. Nan take wasu shugabannin 'yan sandan gundumomi, waɗanda zaɓensu ake yi, suka fito suka ce ba za su tilasta ta ba. Wani alƙali a gundumar Harney ya dakatar da ita, aka shiga shari'a ta shekaru. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, amma wanda kullum shi ake rinjaya, wata rana zai fara tambayar amfanin zamansa a gidan. Rabon da jihar ta zaɓi gwamna ɗan Republican tun 1982, alhali a wannan kwari kusan biyu bisa uku na masu ƙuri'a Trump suka zaɓa.

Daga nan aka samo allunan da muka yi ta gani a bakin gonaki, masu kiran a matsar da iyaka. Masu wannan fafutuka, Greater Idaho, so suke a yanke gabashin Oregon a liƙa wa Idaho, inda tun 2016 ba a buƙatar lasisi don ɓoye bindiga a jiki, kuma 'yan Republican ke riƙe da komai. Zuwa 2024 gundumomi 13 sun kaɗa ƙuri'ar goyon bayan a tattauna batun. A Wallowa, a 2023, tazarar ba ta kai ƙuri'u goma ba, wanda ke nuna ko a nan ɗin kai a rabe yake. Majalisar wakilan Idaho ta ce a shirye take a zauna, ta Oregon ko kallo. Kuma ko da sun yarda, sai majalisar tarayya ta sa hannu. Matar da ke kula da masaukinmu dariya ta yi da na tambaye ta. Ta ce a Oregon ba a biyan harajin saye, a Idaho kashi 6 ne cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi a can dala 7.25 ne a awa, a nan ya kusa ninki biyu. "Su je su tambayi masu wanke kwanuka tukuna," in ji ta.

Ni a ganina, ko an matsar da iyakar, babban abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya yana nan daram, domin mai ƙasar ba Salem ba ce. Fiye da rabin ƙasar Oregon mallakar gwamnatin tarayya ce. Dajin da ke kewaye da kwarin, da wurin kiwon damina, da hanyoyin cikin duwatsu, hukumomin birnin Washington ke yanke hukunci a kansu. A tsakiyar shekarun 1990 aka taƙaita sare itatuwa a dazukan tarayya, masana'antun katako na gundumar suka rufe ɗaya bayan ɗaya, matasa suka watse. Garin Joseph da ke cikin kwarin yanzu da masu yawon buɗe ido da maƙeran gumakan tagulla yake rayuwa. Irin wannan fushi ne wasu suka hau a Janairun 2016, lokacin da Ammon Bundy da mutanensa ɗauke da makamai suka mamaye ofishin gandun tsuntsaye na Malheur na tsawon kwana 41, aka harbe ɗaya daga cikinsu, LaVoy Finicum, a kan hanya. Dattijon nan namu bai yaba musu ba. Ya ce 'yan wasu jihohi ne suka zo suka yi wasan kwaikwayo da damuwar mutane, suka tafi suka bar maƙwabta ba sa gaisawa.

Akwai abin da ba a cika ɗaga murya a kansa ba. Mafi yawan waɗanda bindiga ke kashewa a Oregon su ne suka juya ta kansu, kuma abin ya fi tsanani a karkara, tsakanin maza masu shekaru. A bangon gidan shayin, kusa da tallar sirdi, akwai 'yar takarda mai lambar kiran agaji 988. Da na nuna wa dattijon, sai ya ce ya san mutum biyu, ya kurɓi kofinsa, ya koma maganar farashin ciyawa.

A bakin tafkin akwai kabarin tsohon sarki Joseph na ƙabilar Nez Perce, mutane sun ɗaura ƙyallaye da gashin tsuntsu a jikinsa. Yarjejeniyar 1855 ta bar musu wannan kwari. Da aka gano zinariya, sai aka rubuta wata a 1863 wadda ta ƙwace kusan kashi tara cikin goma na ƙasarsu, kuma 'yan ƙabilar da ke Wallowa ba su sa hannu ba. A 1877 Janar Oliver Howard ya ba su kwana 30 su tashi. Ɗan tsohon, shi ma Joseph, yana cikin waɗanda suka ja mutane, da mata da yara da dawaki, tafiyar kusan kilomita 1,900 suna fafatawa da soja, har suka miƙa wuya saura kimanin kilomita 65 su shiga Kanada. Ya rasu a 1904 a jihar Washington, ba a bar shi ya dawo da zama ba. Yau garin sunansa yake ɗauke da shi, dutsen da ke kallon garin kuma sunan Howard. Duk wanda ya tsaya a nan ya ji ana kukan cewa mutanen nesa na yanke hukunci a kan ƙasar da ba su sani ba, dole ya ɗan yi murmushi. Kukan gaskiya ne, amma wasu sun riga su yin sa, da bindiga a hannu su ma, kuma ba ta cece su ba.

Muka fita ta wata siririyar hanyar daji da ake rufewa in dusar ƙanƙara ta sauka, muka tsaya a wurin hangen Hells Canyon, kwazazzabon kogin Snake. Zurfinsa ya haura mita 2,400, ya fi Grand Canyon, amma ba shi da jan launi da tsayayyun bangaye irin na wancan; tuddai ne kan tuddai suna gangarawa har ido ya gaji, kogin ma ba a hango shi daga nan. Tsallake, duwatsun Seven Devils na Idaho ne. A can ƙasa, a 1887, wasu ɓarayin dawaki suka bindige 'yan China masu haƙar zinariya fiye da 30, kuma ba a hukunta kowa ba. Iska na kaɗawa har motar na girgiza, muka yi sallar la'asar a gefenta da sauri.

Ta Halfway da Baker City muka koma babbar hanya, muka gangara zuwa Ontario, gari na ƙarshe kafin gadar kogin Snake. Agogon wayoyinmu ya yi tsalle da awa guda, don wannan yanki tuni da lokacin Idaho yake aiki, kuma mutanensa Boise suke zuwa asibiti da filin jirgi, tafiyar awa ɗaya, maimakon Portland mai nisan awa shida. Gundumar na cikin waɗanda suka goyi bayan a tattauna komawa Idaho. Abokina ya rage gudu a gaban wasu manyan shaguna masu koren tambari, inda ake sayar da tabar wiwi, wadda halal ce a dokar Oregon, haram a ta Idaho.

"Mutumina, karanta mini lambobin motocin nan," ya ce.

Na bi layin farko har ƙarshe. Ban da biyu, duk na Idaho ne.