Jinin da bai zo da ciwo ba

A aji an ba mu alamomi uku na sankarar ƙoda, muka haddace su kamar sunayenmu: jini a fitsari, ciwo a kwiɓi, da ƙarin da hannu ke iya lalubowa a ciki. Da su na ci jarrabawa. Da na fara aiki a sashen mafitsara kuwa, na shekara cur ban ga wanda ya zo da ukun a haɗe ba. Ashe masu zuwa da su duka ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma galibi kafin nan cutar ta yi nisa. A wuraren da ake yawan ɗaukar hoton ciki, fiye da rabin masu cutar wata larura ce daban ta kai su sikanin, aka ci karo da ƙarin. Ƙoda tana can baya, kitse ya lulluɓe ta, ƙari na iya shekaru yana girma shiru. Gwajin jini ma sai ya fito lafiya lau, tunda 'yar'uwarta na riƙe da aikin.

Wani dattijo mai shekara 63 ne ya karantar da ni wannan da kyau. Ya ce wata biyu da suka wuce ya ga fitsarinsa ja, sau ɗaya tak, babu zafi, washegari ya washe. Ya daɗe yana shan taba, ga hawan jini, ga jiki. Duk na rubuta a fayil da hannuna, amma kaina bai haɗa su ba. Na ɗauka sanyin mara ne, na rubuta masa magani.

Babban likitanmu ya duba takardar, ya ɗago ya dube ni. "Ina hoton?"

"Ranka ya daɗe, ai jinin ya tsaya."

"Tsakuwa da sanyi su ke zuwa da ihu. Wanda ya zo shiru ya tafi shiru, shi nake tsoro. Kira shi ya dawo."

Hoton CT da aka yi bayan an ɗura masa ruwan da ke haska jijiyoyi ya nuna ƙari mai santimita 5 a ƙasan ƙodar hagu. An leƙa mafitsara da kyamara, ba a ga komai ba. Har yau idan na tuna saura ƙiris in sallame shi, sai gabana ya faɗi.

Daga nan kuma sai na zarce, na zama mai ɗokin wuƙa. Duk ƙarin da na gani, so nake a fitar da ƙodar ɗungurungum a huta. Nan ma aka taka mini birki. Mai hawan jini ko ciwon suga da aka bar shi da ƙoda ɗaya, an matso da shi kusa da wankin ƙoda ne. Shi ya sa idan ƙarin bai wuce santimita 4 ba, wani lokaci har 7 in wurin ya ba da dama, ake yanke shi kaɗai a bar sauran naman. Aikin ya fi wuya, domin ana matse jijiyar jini ana kallon agogo kada ƙodar ta daɗe babu jini, amma shi aka yi wa dattijon. Kuma kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan ƙarin nan ba sankara ba ne sam. Na ga tsohuwa mai ciwon zuciya da ƙari santimita 2 wadda aka bari ana bibiyarta da hoto kawai, saboda irinsa 'yan milimita yake ƙarawa a shekara, tiyatar ta fi shi haɗari gare ta. Da farko gani nake sakaci ne. Yanzu ni ke lallashin dangi su yarda.

Dangi kan tambayi kemo, maganin nan mai kashe ƙwayoyin sankara, tunda shi suka sani. Wannan sankara ba ta cika jin sa ba. Nau'in da ya fi yawa yana tasowa ne idan ƙwayar gado da ake kira VHL ta lalace, sai ƙwayoyin ƙodar su zaci iskar shaƙa ta yanke musu, su yi ta janyo sababbin jijiyoyin jini. Binciken yadda jiki ke gane ƙarancin iskar ne ya sa masana uku, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, suka sami kyautar Nobel a 2019. Magunguna irin su sunitinib, da aka amince da shi a Amurka a 2006, hanyar jinin nan suke toshewa, su nivolumab kuma garkuwar jiki suke zaburarwa. Ga wanda cutar ta bazu, sun ƙara wa mutane da yawa kwana, ko da yake suna zuwa da nasu wahalhalun: gudawa, kasala, hawan jini.

Dattijon yana dawowa bibiya. Duk zuwa sai ya yi mitar hoton ƙirji. "Likita, a ƙoda kuka yi aiki, me ya kawo ƙirji?"

"Baba, in za ta dawo, huhu ta fi son sauka."

Ya girgiza kai, ya karɓi takardar, ya nufi ɗakin hoto.